Ranar da Na Kira Habibu Ɓarawo a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da wata Asabar da na tashi daga Gumel na tafi ɗaurin aure Gagarawa da niyyar tona wa wani asiri, na dawo gida nawa ne a tone.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare (na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya yi min uzurin jahilci). Albashi ba ya kai ƙarshen wata, don haka na kama ɗan shago kusa da kasuwa ina sayar da takin zamani da iri da maganin feshi. Shekara biyu abin yana tafiya daidai gwargwado. Da aka shiga lokacin nan da takardun kuɗi suka yi wuya, kowa ya koma biya da kati, har tsofaffin da a da ba sa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yawu ba. A nan ne Habibu ya shigo labarin. Ƙanin wani abokina ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wakilin wani kamfani da ke raba wa 'yan kasuwa na'urar POS. Kullum yana kan babur tsakanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar.

Ranar da ya kawo min na'urar ya miƙo min takardar yarjejeniya, shafi huɗu, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ya ce, "Malam, ka tafi da ita gida ka karanta, gobe sai in zo in karɓa." Na yi dariya, na ce ni da nake duba takardun jarrabawar aji shida ba shafi huɗu ne zai kwana a wurina ba. A kan kujerar babur ɗinsa na ɗora ta na sa hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Daga nan sai dabara ta zo min, irin wadda takan zo wa mutum in ya ga ciniki ya fara kyau. Na sanar cewa duk manomin da ya biya kuɗin taki tun da bazara, zan ba shi a farashi mai sauƙi, in kawo masa kayansa kafin ruwan shuka. Mutane suka yi ta zuwa, wasu daga Gagarawa, wasu daga ƙauyukan Sule Tankarkar, suna saka kati ina yaga musu rasit. Washegari kuɗin su faɗo asusuna, ni kuma in tura wa wani dila a Kano. Motar farko ta iso, aka raba, kowa ya yi murna. Ta biyu ce ba ta zo ba. Farashi ya tashi, dila ya ce in ƙara ko in jira. Ina cikin jira wayarsa ta daina shiga. Sau uku ina zuwa Kano ina tarar da kwaɗo a ƙofar sitonsa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ni ko buhu ɗaya ba ni da shi. Na rufe shago na mayar wa mai shi mukulli.

To, kuɗin da aka biya ta na'ura a kwanakin ƙarshe ba su faɗo asusuna ba. Saƙo ne ya zo a waya, mai tsawo, wai an dakatar da ni kuma an riƙe abin da ya rage. Layin farko kawai na karanta na kira Habibu.

Ya zo har gida, ya zauna a zaure ya yi min bayani a natse. Ya ce, "Malam, in kasuwanci ya rufe, kamfani ba ya sakin ragowar kuɗin nan take. Wanda ya biya da kati bai karɓi kaya ba yana da damar zuwa bankinsa ya kai ƙorafi, bankin ya karɓo masa daga hannun kamfani. In sun sakar maka yau, gobe daga ina za su biya? Shi ya sa suke riƙewa wasu watanni, har lokacin ƙorafi ya wuce. Abin da ya saura naka ne, ba wanda zai taɓa shi."

Duk wannan bayanin, abin da kunnena ya ɗauka shi ne ba za a ba ni ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce na riga na kashe kuɗin nan a cikin raina. Zan biya bashin hayar shago, in sari ɗan iri in sake farawa, in na farfaɗo sai in waiwayi manoma. Ban taɓa zama na ce wa kaina kuɗin nan na mutanen da ban ba su taki ba ne. Cinikina nake kiransu. Su kuwa manoman, gudunsu nake yi. Na canza hanyar zuwa makaranta, ranar kasuwa kuma ba na fita ko nan da ƙofar gida.

Ana cikin haka na ga Habibu ya wuce a kan sabon babur, ja, ko ledar kujera ba a cire ba. Shi ke nan, malamin lissafi ya samu amsa: kuɗina sun maƙale, Habibu ya yi babur. Da na kawo wa matata Hadiza wannan gagarumin bincike, sai ta ce, "Malam, takarda ka gani ko babur?" Na ce mata harkar kasuwa ba ta mata ba ce (ita da ta shekara goma tana sayar da ƙuli-ƙuli ba ta taɓa karyewa ba).

Sai ga katin gayyata daga Baba Mati, babban manomi a Gagarawa, aminin mahaifina tun suna samari, zai yi wa ɗansa aure. Buhu goma ya biya min a makon ƙarshe kafin in rufe. Da farko na ce ba ni zuwa, da wane ido zan kalle shi? Amma da na ji Habibu zai je, fushi ya danne kunya. Ku duba wannan lamari: mutum ya ci kuɗin mai gida, ya shirya tsaf zai je gidan ya kira wani ɓarawo. A cikin mota tun daga tasha nake bitar jawabina, har wanda ke kusa da ni ya tambaya ko lazimi nake yi.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne tarbar da aka yi min. Na zaci za a sha min toka, sai na ga ana ta yi min barka da zuwa. Wani manomi daga Sule Tankarkar, wanda na san sarai buhu uku yake bi na, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam, irinku sun yi ƙaranci." Na duba fuskarsa ko ba'a ce, na ga da gaske yake. Na ce a raina wataƙila ɗansa ne ya ci jarrabawa.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro. Dattawa suka zauna a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka kawo farantan shinkafa. Ga Habibu can gefe ya naɗe hannun riga yana ci. Na miƙe tsaye, na gyara babbar riga, na yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni, na san ba wurin wannan magana ba ne. Amma tunda Allah ya tara manya, ina so a bi min haƙƙina. Wannan bawan Allah, shi da kamfaninsa, sun riƙe min kuɗi wata biyu. Kullum sai ya ce doka ce, doka ce. To, ga dokar can a jingine a gindin bishiya, sabuwa fil."

Na nuna babur. Habibu ya wanke hannu a hankali, ya ce, "Malam, mu ɗan keɓe mana."

"A nan za a yi ta," na ce.

Baba Mati ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce, "Wane kuɗi ne wannan, ɗana?"

Na ce cinikin shagona ne na ƙarshe, wanda aka biya ta na'ura.

"Wato kuɗin takin da muka biya?"

Na ce, "E to... su ne, Baba."

Ya kalle ni, kallon mutumin da lissafi ya ƙi fitar masa. Sannan ya ce, "Ai ni nawa sun dawo min tun kafin a gama noman fari. Habibu ya zo har gona, ya ce in nemo rasit ɗina, ya ɗauke ni zuwa banki a Gumel muka cika takarda. Ya ce kai ka aiko shi, wai ka ce ba za ka iya zama da haƙƙin mutane a wuyanka ba. Da su na je Maigatari na samo buhu shida, su suka ceci geron nan da kake gani. Ba inda ban yabe ka ba, har a masallaci."

Mutumin Sule Tankarkar ya ce shi ma haka aka ce masa. Wani daga baya ya ce shi ma. Wani dattijo kuma, don dai a cika min mudu, ya ce ai babur ɗin na kamfani ne, ga tambarinsu nan a jikin tanki, duk wakilansu an ba su.

Na tsaya da hannuna a miƙe yana nuna babur, na rasa yadda zan sauke shi.

Baba Mati ya ce, "To, yanzu wanne za mu kama? Kai ka aiko shi ko ba kai ba?"

Na dubi Habibu. Bai ɗago sosai ba, amma na ga ya ɗan gyaɗa kai, alamar in ce e, shi zai rufa. Mutumin da na gama kira ɓarawo a gaban jama'a yana sake miƙo min rigar da zan rufe jikina. Wallahi na so in karɓa. Sai dai na ji in na karɓa, ba zan ƙara iya haɗa ido da shi ba har abada.

Na ce, "Ba ni ba ne, Baba. Ban ma san an biya ku ba sai yanzu."

Na jira faɗa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya matsa gefe ya yi min wuri a kan tabarmarsa ya ce, "Zauna ka ci abinci, shinkafar tana hucewa." Na zauna na ci. Ban taɓa cin abincin da ya yi wuyar haɗiya irin wannan ba, kuma naman rago ne a kai.

Da la'asar motocin Gumel duk sun cika. Ina tsaye a bakin hanya sai ga Habibu ya tsaya a gabana ya ce, "Hau mu tafi, Malam." Haka na hau bayan babur ɗin da na kafa hujja da shi. Muka yi nisa, gero da riɗi kore shar dama da hagu. Can na ba shi haƙuri, cikin iska, ban san ma ko ya ji duka ba. Sannan na tambaye shi me ya sa ya ce ni na aike shi.

Ya ce, "Kamfani zai biya su ko da ni ko ba ni, in dai sun kai ƙorafi a kan lokaci. Yawancinsu ba su san suna da wannan damar ba, shi ya sa na bi su. Sunan da za a ambata ne kawai ya rage. Kamfani ba ya zuwa jana'iza a garin nan, ba ya zuwa suna. Kai kuwa a nan za ka ci gaba da zama."

Ba kowa ne kuɗinsa suka dawo masa ba. Waɗanda suka biya tun da farko, kuɗinsu sun daɗe da bin dila, wasunsu kuma sun yar da rasit. Washegari na ɗauko littafin shago na rubuta sunayensu, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da ƙafata. Da wa'adi ya cika, ɗan abin da ya saura ya faɗo asusuna kamar yadda Habibu ya faɗa, ban bari ya kwana ba na raba musu. Sauran daga albashi nake cirewa, har yanzu da saura mutum huɗu.

Nakan yi tunanin abin. Ban ce kamfanin nan don tsoron Allah ya riƙe kuɗin ba, kansa yake karewa kada asarar ta faɗo masa. Amma abin da ya yi shi ne abin da ya kamata ni in yi tun farko: kuɗin kayan da ba ka miƙa ba ajiya ce a hannunka, ko da kuwa sunanka ne a kan rasit. Na ji zafin riƙewar da aka yi min, alhali da an sakar min, da geron Baba Mati bai ga taki ba a daminar nan, ni kuma da ina can ina cewa sai na farfaɗo.

Darasin da na samu bai da tsawo. Kafin ka tara jama'a ka yi ihun an sace maka kaya, ka ɗan zauna tukuna ka tabbatar kayan naka ne.