Bishop Brissett da Ganyen Annabawa

Duk faɗin gundumar Westmoreland babu malami kamar Bishop Dokta Alphanso Brissett, kuma wanda ya fara gano haka shi ne Bishop ɗin da kansa. Digirinsa ta gidan waya ya iso, ko ɗigon gumi bai taɓa shi ba. Ibraniyancin da ya sani bai cika cokali ba, amma yadda yake kakaro shi daga maƙogwaro, sai ka rantse aji ɗaya suka zauna da Annabi Musa. Shi ya sa matan kasuwa ke ce masa Ƙanin Musa.

Ya shekara da shekaru yana tsine wa tabar wiwi a coci. Ciyawar Shaiɗan yake kiranta. 'Yan Rasta, masu shan ta a matsayin ibada, da dama sun ci waken kurkuku saboda tsegumin da ya kai wa 'yan sanda, shi kuwa ceton rayuka ya sa wa aikin suna.

Sai dokar hana wiwi ta sassauta. Baƙi suka riƙa hawa tsauni neman 'yan Rasta, jaridu na ɗaukar hotonsu, bencinan cocin Bishop kuwa ƙadangaru suka gaje su. Ba a jima ba wahayi ya sauko masa.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji!" ya daka tsawa ran Lahadi. "A cikin man shafewa na Attaura akwai wani kara mai ƙamshi. Kane bosem! Ku kasa kunne da kyau: kane bosem, kanabis, wato wiwi! Masu fassara sun ɓoye muku, malaman duniya sun yi barci, sai ni kaɗai aka tasa."

Sista Hyacinth, shugabar mata, ta gyara farar hularta. "Bishop, ba ita ce ciyawar Shaiɗan ɗin nan ba?"

"Ta Shaiɗan ce a bakin jahili, Sista. A hannun masani, ta annabawa ce."

Saura ganyen. Bai isa ya tunkari 'yan Rasta ba, ya san karnuka za su sakar masa. Sai ya tafi tashar mota a garin Savanna-la-Mar, inda wani mai haƙorin zinariya ya kira shi Farfesa, ya janyo masa buhu guda daga bayan shago. Bishop ya shinshina, ya lumshe ido. "Wannan shi ne na asali," in ji shi. Ya kai gida ya ɗibi kaɗan ya dafa da man kwakwa da kirfa.

Amma babban mutum ba ya cika sai an tsananta masa. Don haka shi da kansa ya buga wa 'yan sanda waya, ya maƙe murya, ya kai ƙarar kansa, wai Bishop ya ajiye buhun wiwi guda a coci. Ya kuma gayyato mai ɗaukar hoto.

Ranar shafewa coci ya cika har taga, buhun na ajiye a gaban jama'a. Bishop ya zuba man a sanƙonsa, ya yi tangaɗi, ya ce ga tsani can ya tokare sama, mala'iku na ɗago masa hannu, wasu ma sun san sunansa. Jama'a suka ɗauka da kuka da birgima. Ana cikin haka Saje Winsome Tulloch ta shigo. Bishop ya juya wa kyamara ɓangaren fuskarsa mai kyau, ya miƙa hannu biyu.

"Ɗaure ni, 'yar Fir'auna! An jefa waɗanda suka gabace ni cikin ramin zakoki, ga ni a shirye. Tarihi na kallonki!"

Saje ta wuce shi ta buɗe buhun. Ta murza ganyen, ta shinshina, ta ɗan tauna, ta tofar.

"Sauke hannunka, Baba. Ganyen rogo ne."

Masu birgima suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riga. Mai hoto ya rufe kyamararsa.

"Ba... ba za ki kama ni ba?"

"A kan me? In kana so ka shigar da ƙarar wanda ya damfare ka, ka zo ofis ka bi layi."

Bishop ya tsaya da hannuwa a sama, man kwakwa na gangara masa cikin ido. Sista Hyacinth ta matso a hankali, cikin ladabi, ta kama bakin buhun.

"Bishop, in ka gama da annabawan, a ba ni sauran. Awakina ba su ci komai ba tun safe."