Allurar Da Ta Ƙi Tsayawa

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da satina na farko a garejin ma'aikatarmu a Dutse ba, lokacin jihar tana sabuwa. Na fito daga makarantar fasaha da takardar shaida, kaina ya kumbura, ma'aikata suna ce mini Injiniya ina amsawa (har da gyara wuyan riga).

Ranar Laraba Darakta ya kawo motarsa da kansa. Ya ce da ya taka birki sai sitiyari ya hau rawa, ga shi zai kai mahaifiyarsa Garki. Baba Iliya, tsohon makaniken da ya fi kowa daɗewa a aikin, ya tashi zai duba. Na ce, "Baba, huta. Wannan aikin awo ne."

Aka ɗaga mota, aka cire taya. Na ɗauko agogon awo, wato ɗan agogo mai allura ɗaya. Ana ɗora bakinsa a jikin faifan birki a juya faifan a hankali. In faifan yana tafiya daidai, allura ba ta motsi sosai. In yana layi, sai ta yi ta kai da kawowa. Na kafa sandar da ke riƙe agogon, na tsuguna, na juya faifan. Allura ta kama tsalle.

"Ranka ya daɗe, dubi!" na ce da ƙarfi. "Faifan nan ya lanƙwashe. Ko ƙofar gida kada ka kai Hajiya da shi."

Na yi ta zuba bayani da Turanci. Direbobi suka taru. Can Baba Iliya ya ce a hankali, "Injiniya, ɗan saki faifan."

Na saki. Faifai ya tsaya cak. Allura kuwa tana nan tana rawarta.

Kowa ya bi sandar da ido, har zuwa gwiwata. Ashe tun da na tsuguna na jingina da ita, ƙafata kuma tana karkarwa don ganin Darakta a kaina. Tsorona nake aunawa. Wani direba ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza. (Na so ƙasa ta tsage, amma siminti ne.)

Baba Iliya bai yi dariya ba. Ya ce wa Darakta, "Ranka ya daɗe, gwada agogon yake yi tukuna. Yanzu zai auna na gaske." Ya sa na ɗaure sandar a ƙarfen da ba ya motsi, na janye jikina. Allura ta nuna ɗan layi. Ya ce kada in yanke hukunci, in zare faifan in ga bayansa. Da na zare, ashe tsatsa da busasshen taɓo ne suka hana shi zama daidai a mazauninsa. Na kankare, na mayar, na ɗaure notoci ɗaya nan ɗaya can kamar yadda ya nuna mini. Da na sake juyawa, da ƙyar allura ta motsa.

Darakta ya zagaya da mota ya dawo, ya ce, "Madalla, Injiniya." Baba Iliya yana can yana wanke hannu, ko ɗago kai bai yi ba. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, bai taɓa tayar da zancen ba.

Tun daga ranar, in allura ta yi rawa, kafin in zargi ƙarfe sai na duba inda gwiwata take.