Ranar da Na Sa Uwata a Kasuwa

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ɗaurin auren da aka yi a Gangara, shekaru kaɗan bayan Nasara sun cika mana kasuwa da kuɗin takarda. Lokacin ina da mata da 'ya'ya uku, ba zan ce ƙuruciya ce ta ja ni ba.

Shekarar gero ya yi kyau a Ollelewa. Na sayar wa Buzaye rumbu biyu, na ɗauki kuɗin na damƙa wa wani falke mutumin Damagaram, Malam Gambo, ya sayi fatu ya kai Kano mu raba abin da aka samu. A wurinsa na koyi maganar fatake. Jari sunansa uwa. Riba ɗiya ce. In dukiya ta halaka a hanya, sai a ce uwa ta karye. Na riƙe kalmomin nan kamar da su aka haife ni (ni da ban taɓa wuce Tanut ba), ko gaisawa ake sai na sako su.

Wata uku ba labarin Malam Gambo. Aka fara cewa 'yan fashi sun tare wani ayari. Geron da ya rage a gida ba zai kai mu damina ba, ga haraji ya matso, wanda bai biya ba kuwa mun san inda ake kai shi. Abinci ya daina shiga cikina. Ko kukan raƙumi na ji daga nesa sai in fito in duba hanya. Na roƙi maƙwabcina Bako maƙeri, in ya ji wani abu ya neme ni ko ina nake.

Ranar auren ina zaune a tabarma, kawuna, wan mahaifiyata, yana hannun damana, liman yana gabanmu. Ana rabon goro sai na hango Bako a kan jaki, yana ta zufa. Ya sauko daga jakin. Ya durƙusa ya gaida manya, sannan ya juyo gare ni.

"Sai haƙuri. Uwarka ce ta karye."

Na ga rumbunan nan biyu wayam, na ga 'ya'yana, na ga igiya a ƙuguna.

"Duka?" na ce. "Ba abin da ya saura?"

Bako ya dube ni. "Ƙafa ɗaya ce."

Ban san wannan kalma a maganar fatake ba, amma na ɗauka wani lissafin fatake ne, kashi ɗaya cikin huɗu ko makamancinsa. Na kama hannunsa.

"To a yi maza a sayar da sauran. Ko nawa aka taya a sallama, kada in tashi a banza."

Mai rabon goro ya tsaya da faifai a hannu. Kawu ya juyo a hankali.

"Wa za a sallama?"

Bako ya ce, "Inna fa nake nufi. Ta faɗo daga jaki a hanyar rijiya. Maɗori yana wurinta."

Da nan na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma nauyin wata uku ya sauka daga ƙirjina lokaci guda, bakina ya riga hankalina. Da ƙarfi, da murmushi, gaban liman da wan uwata, na ce, "Alhamdu lillahi."

Kawu bai zage ni ba. Tashi ya yi ya koma wata tabarma.

A hanyar gida wani tsoron ya kama ni, na gaskiya, don ban san halin da zan tarar da ita ba. Na same ta kwance, an ɗaure ƙafar da karare. Labarin kuma ya riga ni isowa. Na durƙusa bakin gadon na kasa ɗaga kai.

"Sannu da zuwa, falke," ta ce. "Nawa aka taya ni?"

Ƙafar ta warke kafin shuka. Malam Gambo ma ya dawo lafiya, ɗiyar da ya kawo kuwa ko ladan maɗori ba ta biya ba. Kawu ya shekara bai amsa gaisuwata da baki ba.

Tun daga ranar, kuɗi sunansu kuɗi a bakina. Kuma in aka kawo min labari, ko mai daɗi ko marar daɗi, sai na tambayi wa ake nufi kafin in yi hamdala.