Yadda Rafi'u Hurriyya Ya Yi wa 'Ya'yan Amirka Badal

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah Ya yi wa Jidda baiwa da su, a fara da Rafi'u Hurriyya, sannan a zauna a huta, don na biyunsa yana da nisa. Shi ne Jakadan Amirka a unguwar Nuzla. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya sa ba wanda ya isa ya tuɓe shi. Ya san ƙasar Amirka ciki da bai, duk da cewa iyakar tafiyarsa ta arewa Abhur ce, nan bayan gari, ta yamma kuwa bakin teku, inda ruwa ya ce masa tsaya nan.

Aikinsa na zahiri tuƙin mota. Yana tuƙa wani Ba'amirke, injiniyan wani kamfani, wanda ake kira Hawaja Wilba, da yake a Jidda kowane jar fata hawaja ne. Amma kada ka kuskura ka ce masa direba. Shi abokin tafiyar Hawaja ne, kawai dai Allah Ya sa kujerarsa ce mai sitiyari. Ga malafar makiyayan Amirka a kan jallabiya, ga baƙin tabarau har cikin sahu, ga cingam da ba ya ƙarewa. Masu hassada sun ce guda ɗaya ne tun bara, a bayan kunne yake ajiye shi. Turancinsa bai cika kwano ba, Larabcin Hawaja ma haka, sai suka haɗa biyun suna ci tare.

Kullum bayan la'asar yakan hau kujerar igiya mafi tsawo a gahawar Husaini mai tamis, wato shagon shayi da gurasa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya buɗe wa 'yan'uwansa Takari, Hausawan Jidda, makaranta kyauta.

"Ku Takari ba ku san hurriyya ba, wato 'yanci. Ba laifinku ba ne, ba ku zauna da manya ba. A Amirka mutum yakan tashi da safe ya zagi shugaban ƙasa, ya sha shayi, ya dawo ya ƙarasa zagin. Kare ma da ɗakinsa da likitansa. Ba mai tare ka a hanya ya ce ina iƙama, ina takardar zama. Kai ne kafilin kanka, ba ka neman ubangidan da zai tsaya maka, halas."

Yana faɗa yana shafa aljihun gaba, don ya tabbatar tasa iƙamar tana nan. In kuwa ɗan sanda ya gifta, sai darasin ya koma kan tsadar albasa har sai ya wuce.

A gida ma ya shimfiɗa hurriyya yadda ya kamata. Ya tara matarsa Mastura da 'ya'yanta ya sanar da su cewa daga yau kowa yana da ikon faɗin ra'ayinsa, muddin ya yi daidai da na maigida. Mastura ta ce, "To Abu Usman, nawa ra'ayin in je unguwar Ammariyya in gano yayata." Ya ce wannan nau'in hurriyyar jirginta bai iso ba tukuna.

Su mutanen gidan Hawaja Kiristoci ne na gaske, masu riƙon addini da haƙori. Ba giya, ba rawa, ba a taɓa abinci sai an kama hannun juna an sunkuyar da kai, ko da miyar za ta huce. Matarsa Madam Dorati ko ƙwai za ta fasa sai ta yi godiya. Suna da 'ya'ya biyu a 'yar makarantar da kamfani ya buɗe wa yaran ma'aikatansa, Rafi'u ke kai su ya ɗauko su. Wata rana Hawaja yana cikin nishaɗi ya yi wa Rafi'u alkawari, na gaske kuwa, cewa in kwangilarsa ta ƙare zai tafi da shi Amirka ya riƙa tuƙa masa motar gona.

Kafin rana ta faɗi duk Nuzla ta ji. Rafi'u ya yi walimar bankwana. Da ya ga tafiyar da saura, ya sake wata, don kada ta farko ta huce. Mutane suka ci shinkafar bankwanansa har suka fara tambayar ko akwai ta kifi. Tsofaffi mata suka riƙa ba shi sallahu, alhali ba wadda ke da ko ƙadangare a can. Yakan karɓa ya ce in ya samu sarari.

Ana cikin haka jarida ta iso daga Amirka, ta tsufa a hanya amma labarinta da zafinsa. Babbar kotun ƙasar ta hana karanta addu'a a azuzuwan makarantun gwamnati. Malamar makarantar kamfani ta ce ita dokar gida take bi ko a ina take, ta soke addu'ar safe ita ma. Madam Dorati ta yi kuka har ta ƙona burodi. Hawaja ya bugi tebur ya ce ƙasar da aka hana yaro kiran Ubangijinsa a aji ta yi bankwana da 'yanci, kuma shi ba zai kai 'ya'yansa can ba. Zai sabunta kwangila ya zauna a Jidda har sai addu'a ta koma makaranta.

Rafi'u yana bakin ƙofa yana goge gilashin mota, ya ji komai da kunnensa. In Hawaja bai koma ba, ba tafiya. In ba tafiya, da wane ido zai dubi mutanen da suka ci bankwana biyu?

A gahawa Husaini mai tamis bai bar shi ya zauna ba. "Ya Ustaz, mun ji an hana yaranku addu'a. To ina hurriyyar ta shiga?"

Da wani ƙaramin mutum ne, da ya daburce. Jakada kuwa gyara malafa ya yi.

"Wannan ita ce hurriyya mai daraja ta ɗaya. Ta yi musu yawa ne har ta zube, kamar madara a kan wuta. Kuskure ne ƙarami, kuma an riga an kawo mini maganar. Ku ba ni 'yan kwanaki."

Ai kuwa ya samo dabara, irin wadda ba mai samo ta sai wanda ya tashi a Jidda. Kowa ya san badal. In mutum ya mutu bai yi hajji ba, ko ciwo ya kwantar da shi, sai a samu wani ya yi a madadinsa, lada ya tafi inda aka aika shi. To in an hana 'ya'yan Amirka addu'a, me zai hana a yi musu badal a nan, kusa da Makka, inda addu'a ba ta da nisan tafiya? Addu'a ta koma makaranta, Hawaja ya huce, jirgi ya tashi.

Ya nufi wurin Malam Ɗan'azumi, tsohon da ya zo da ƙafa ta Sudan tun yana saurayi, wanda ya yi wa mamata hajji har ana cewa rabin maƙabartar Katsina alhazai ne ta dalilinsa. Malam ya saurare shi yana jan carbi.

"Yaran mutuwa suka yi?"

"Da ransu, ya Ammi," in ji Rafi'u, wato Baffa a bakin 'yan Jidda.

"Ciwo ne?"

"Lafiyarsu lau. Kowane ya yi biyunka."

"To me ya hana su?"

"Alƙali."

"Alƙali ya hana addu'a. Shi alƙalin an duba lafiyarsa?" Malam ya gyara zama. "Kawo sunayensu. Ba a niyya ba suna."

"Ka ce 'ya'yan Amirka kawai. Allah Ya san kayanSa."

"Musulmi ne, ɗana?"

Rafi'u ya cire tabarau ya hura musu iska ya mayar. "Suna hanya."

"To wanda ke hanya addu'a ɗaya ce tasa. Ita za mu yi."

Rafi'u bai tambayi wace ce ba. Babban mutum ba ya tambaya, amsa yake bayarwa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: tunda a aji aka hana, a aji za a rama.

Da safe ya ɗauki 'ya'yan Hawaja, ya biya ta Nuzla ya cika motar da Malam da abokan aikinsa tsofaffi, da buzayensu da butocinsu, yana ta yalla yalla don su yi sauri. Mai gadin makaranta ya san motar, ya buɗe ƙofa har da sarawa. Malama ta shigo aji ta tarar da dattawa sun shimfiɗa buzu a gaban allo, sun jera takalma a kan teburinta don kada wani ya yi tuntuɓe. Kafin ta samo bakinta Jakada ya ɗaga hannu.

"Madam malama, kwantar da hankalinki. Ku aka hana, ba mu ba. Alƙalin Amirka ba shi da iko a kan Takari. Ke dai ki zauna, ladan zai same ki har kujera."

Malam Ɗan'azumi ya ɗaga tafuka ya fara. Yara kuwa abin nema ya samu, ga shi an fasa lissafi. Suka sauko daga kujeru suka tanƙwashe ƙafa, suka buɗe hannuwa yadda suka ga ana yi. Amin ba ta da wuyar koyo. Kafin Malam ya kai tsakiya, ajin ya fi masallacin Nuzla amsawa.

Da a nan aka tsaya, da watakila malama ta share maganar. Amma wane gwani ne zai yi aiki irin wannan mai kaya bai gani ba? Rafi'u ya faɗa mota ya ɗauko Hawaja daga ofis, ya biya ya ɗauki Madam da gari a hannunta, yana ce musu su shirya ganin abin da kotu ta kasa.

Da suka leƙa ajin, idon Madam Dorati ya cika da hawaye. Ga yara a natse, ga kawuna a sunkuye. Hawaja ma ya cire hularsa. Sai ya raɗa wa Rafi'u cewa me suke roƙo.

Rafi'u ya kumbura kamar tamis a tanda. "Suna roƙon Allah Ya shiryi duk 'ya'yan Amirka, Ya ɗora su a kan hanya madaidaiciya, su da iyayensu da alƙalinsu."

Hawaja ya gyaɗa kai. Sannan wani abu ya taɓa shi, ya ce wace hanya ke nan. Rafi'u ya miƙa tambayar ga Malam. Malam bai katse addu'a ba, ya dai ɗaga carbi ya nuna gabas, inda titin Makka ya miƙe. A daidai lokacin aka shafa, 'ya'yan Hawaja biyu suka shafa fuska da tafukansu tsaf, kamar a Nuzla aka yanke musu cibiya.

Jar fata ta ƙara ja. Mutumin da ya bugi tebur don a mayar da addu'a aji ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce makaranta wurin karatu ce, kuma ba wanda ke da ikon kawo wa ɗan wani addu'arsa cikin aji ba da izinin uban ba. Ya ce wannan shi ne 'yanci, kuma a kansa aka kafa ƙasarsu. Malama tana kwashe takalma daga teburinta ta ce a hankali, "Abin da alƙalan suka faɗa ke nan." Ashe wanzami ba ya son jarfa ko a Amirka.

A ranar Hawaja ya fasa sabunta kwangila. Ya ce gara makarantar da ba a addu'a da wadda ba ka san wace za a yi ba. Rafi'u ya ji maganar komawa, bai tsaya jin sauran ba. Ya sauka a gahawa kamar wanda ya ci yaƙi.

"Me na gaya muku? Kotu guda ta ɗaure, ni kaɗai na kwance. Gwamnatinsu za ta neme ni, amma na gaya wa Hawaja ba na son biki. Wanda ke da sauran sallahu ya kawo."

Ranar tafiya ya sa akwatinsa a bayan mota tare da nasu, ya tuƙa su filin jirgi yana yi wa kowane gini bankwana. A can Hawaja ya sauke akwatin ya ajiye masa a ƙasa, ya karɓi makullin mota ya miƙa wa mutumin kamfani, ya ce daga yau ba shi ne kafilinsa ba, ya nemi wani. Kujerar jirgin da aka tanadar masa kuwa aka ba Idris, mai ban ruwan shuke-shuken gidan Hawaja, wanda tun da ya fara aiki ba a taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba. Garin neman gira an rasa ido. Jakada ya dawo Nuzla da ƙafa, akwati a ka, malafa a hannu don ba ta da wurin zama.

Washegari ya hau kujerarsa ya yi bayani cewa shi ya ƙi. Ya ce ya yi nazari ya ga bai dace mutum irinsa ya zauna a ƙasar da yara ba sa addu'a ba, kuma Hawaja har ƙasa ya durƙusa yana roƙonsa. Husaini yana ta juya wake a tukunya, kafaɗunsa na rawa.

Malam Ɗan'azumi ne ya tausaya masa. Ya kurɓi shayi ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Wanda aka tare wa hanya ya cika sharaɗin badal. Na kira Idris kafin ya hau jirgi, na sa ya yi niyya da sunanka. Shi zai ga Amirka, ladan naka ne."