Kayan Bincikenku Sun Ƙi Kwana a Daji

Kaura Namoda, Talata, 11 ga Yuli, 2000, daidai da 9 ga Rabi'u Sani 1421 (wasu sun ce 8). Ƙarfe goma da minti ashirin na safe a agogona, wanda yake gaba da na tashar jirgi da minti huɗu. Ina zaune a zauren gidanmu a kan akwati, domin kayanku sun cinye tabarmar.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, Cibiyar Binciken Ƙasa da Ruwa da Namun Daji ta Yankunan Nesa, wanda ban taɓa gani ba amma na san sa hannunsa kamar yunwar cikina.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci ga ubangidansa, da fatan Allah ya ƙara wa Darakta lafiya, ya sanyaya masa ofis. Ni ne Mubashir Saminu, ma'aikacinku na gwaji a tasha ta goma sha ɗaya, dajin Tungar Rini, tsakanin Zurmi da Shinkafi. Kun ɗauke ni a watan Afrilu, bayan na yi wata ashirin da biyu ina yawo da takardar digiri a cikin leda. Kun ba ni kwalaben auna ruwan sama goma sha biyu, sandunan auna zurfin tafki huɗu, kyamara ɗaya, da gwangwanin fenti na sa wa kunkuru lamba, don a gano ko tafkin garin zai ishi masu lambu da makiyaya da namun daji har ƙarshen rani.

Takardarku ta 28 ga Yuni ta iso. Ta ce a sauran tashoshi goma an sace kwalabe daga huɗu zuwa dukkansu, ni kuwa ko ɗaya ban rasa ba, kuma ban aiko da awon ruwa ba. Saboda haka kuka yi hasashen ban taɓa kai su daji ba. Kun ba ni zuwa 31 ga Yuli in kare kaina ko a sallame ni. Mahaifiyata ta riga ta faɗa a gidan suna uku cewa ɗanta yana cikin masu auna ruwan Allah. Don haka nake roƙon a yi haƙuri a ji waɗannan.

Na ɗaya, fom ɗinku. Gida uku gare shi: an sace, ya lalace, yana aiki. Ran Laraba, 3 ga Mayu, na kafa kwalaben duka tsakanin ƙarfe bakwai da azahar. Washegari da la'asar wani dattijo makiyayi, Baffa Labbo, ya yi sallama a masaukina da bakwai a cikin buhu. Ya ce, "Ɗan nan, waɗanga naka na? Ga daji munka iske su ba mai tsaro. Ka riƙa kula da kayanka." Sauran biyar Inna Yalwa mai itace ta kawo ran Juma'a, ta wanke su da toka. Mutanen nan dama ba sa cin abin wani, kuma tun da aka fara Shari'a liman ya yi wa'azi a kan tsintuwa, cewa wanda ya tsinci abu ya nemi mai shi, sai abin ya zama rige-rige. Ba na kuka da wannan, Allah ya kiyaye. Ina dai tambaya cikin ladabi: a wane gida zan sa kwalbar da ba a sace ba, ba ta lalace ba, ba ta kuma aiki domin tana ƙarƙashin gadona?

Na biyu, shawarar da ke shafi na goma sha huɗu na littafinku, cewa ma'aikaci ya rubuta sunansa da adireshinsa a jikin kowane kaya don mutane su bar taɓawa. Na bi ta. Kafin in rubuta, kwalba takan yi awa talatin da ɗaya kafin ta dawo. Bayan na rubuta, awa tara. Sanda mai lamba uku wani direba ya kai ta gidanmu na Kaura, ta riga ni isa da minti hamsin.

Na uku, kyamara. Na ɗaure ta a jikin tsamiya tana fuskantar mashaya, yadda duk abin da ya gifta za ta ɗauka da kanta. Da yake ita ban rubuta mata suna ba, an bi ƙa'ida, aka ba Idi mai shela ya rataya ta a wuya ya yi cigiyarta a kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Na wanke fim ɗin, hotuna talatin da shida: gemun Baffa Labbo biyar, sararin sama biyu, kasuwa ashirin da takwas, wutsiya ɗaya. A cikin na kasuwa akwai raƙuma uku. Ban lissafa su cikin namun daji ba, domin suna da akala.

Na huɗu, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, kunkuru mai lamba bakwai. Na sa masa fenti na sake shi kamar yadda kuka umarta. Tunda alamata tana bayansa, sai aka ɗauke shi dabbata ce da ta ɓata. Sau huɗu ana maido shi. Ran 8 ga Yuni aka bi ni da shi a kan babur ɗin kabu-kabu, aka yi rashin sa'a muka yi saɓani, aka sake juyowa da shi. Fom ya tambayi nisan da dabba ta yi a yini, bai tambayi abin da ta hau ba, sai na rubuta kilomita arba'in da shida. Wani a ofishinku ya ja layi da jar biro ya rubuta "ƙarya". Ranka ya daɗe, kunkurun yana nan a cikin daro, duk mai shakka ya zo ya dube shi. Har yanzu in ya ji ƙarar babur sai ya shige da kansa.

Na biyar. Na je na durƙusa gaban liman na yi bayani. Allah ya saka masa, ya fahimta sarai, ya kuma sanar bayan Juma'a cewa abin da mai shi ya ajiye da gangan ba tsintuwa ba ne, a bar shi inda yake. Baffa Labbo ya ce bai taɓa ganin mai hankali ya kai kayansa daji da gangan ba, amma tunda malam ya faɗa, za su rufa mini asiri. Sai gari ya yanke cewa in ba tsintuwa ba ne, to amana ce, aka raba wa gidaje kwalaben kowa ya kula da tasa. Kwana tara suka yi a daji, na fara barci. Ran Asabar, 24 ga Yuni, hadari ya haɗu da la'asar. Ina tsaye na ga mutane suna gudu zuwa daji, na ɗauka awaki za su koro. Kwalabena suka kwaso. Inna Yalwa ta rufe tata da faifai, ta ce mini, "Kayan gwamnati ba su shan ruwa a hannuna." An yi ruwa awa biyu da minti goma, ya cinye kwalbatin hanyar Zurmi. Kwalabe goma sha biyu, kowacce sifiri. Abin da kawai ya auna ruwan ranar takalmin robana ne da na manta a waje: milimita hamsin da takwas, amma yana yoyo ta dunduniya.

Wani ɗan'uwa ya ba ni shawara in ɓoye huɗu a rumbu in cike "an sace", kowa ya huta. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Amma a bana, a jihar nan, sata ba kalmar cike fom ba ce. In na rubuta ta za a tambaye ni wa ya sata, kuma mutanen da suke zuwa kusa da kayan nan su ne waɗanda suka wanke su da toka. Ba zan rubuta ba.

Roƙona biyu ne. A ƙara gida na huɗu a fom, a sa masa "an dawo da shi". Sannan a turo jami'i ya gani da idonsa kafin 31 ga wata. Sai dai a gargaɗe shi kada ya tsaya shi kaɗai a daji fiye da minti goma, musamman in yana sanye da katin shaida a wuya, domin zauren nan ya cika.

Abubuwan da har yau ba a sani ba: yawan ruwan da aka yi a Tungar Rini a daminar bana, zurfin tafkin, da ko zai kai ƙarshen rani, mai wutsiyar da ke hoto na shida, mai kwalba ta goma sha uku da aka kawo mini jiya, wadda ba tamu ba ce, tana ƙamshin man gyaɗa, kuma dole in yi cigiyarta, da kuma abin da zan faɗa wa mahaifiyata ran 1 ga Agusta.

In kuwa Darakta ya ga sallamar ce ta dace, kada ya wahalar da masinja. A rubuta sunana a bayan ambulan, a jefar da ita a ko'ina tsakanin Zurmi da Shinkafi. Za ta same ni cikin awa tara.

Naka mai biyayya, mai rawar jiki, wanda ƙurar takalminka ta fi shi albashi tabbatacce,

Mubashir Saminu
Ma'aikacin gwaji, tasha ta goma sha ɗaya