Yadda Za Ka Saka Intanet a Wasan Yaƙin Kwamfuta Ba Tare da Ka Taɓa Ganinta Ba

Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a Suleja, cikin daminar 1998, ta kuma yi aiki ɗari bisa ɗari. Idan ka bi matakan nan yadda Malam Bamalli ya bi su, na tabbatar maka za ka saka Intanet a wasan yaƙin zamanin da, ka nuna ta a bainar jama'a, a tafa maka, ka tsira da aikinka. Ba ka bukatar layin tarho. Ba ka bukatar sanin mece ce Intanet. Sanin ma cikas ne.

Malam Bamalli shi ke koyar da ajin kwamfuta a makarantar Madam Rifkatu da ke Kurmin Sarki. A cikin kwamfutarsu mai kala, wadda ita kaɗai ce mai kala a makarantar, akwai wani wasa da ake kafa gari, a gina ganuwa, a tura fatake, a ci garin maƙwabci da yaƙi. Bamalli ya gano inda aka rubuta dokokin wasan. Ya goge garuruwan Turawa ya sa Zazzau da Bida da Keffi da Maje, ya zana Dutsen Zuma a tsakiyar taswira.

Mataki na 1: Cika baki a wurin da ya dace

Kada ka ɓata cika-bakinka a gida, inda aka san ka. Kai shi bas ɗin safe mai ɗaukar ma'aikata zuwa Abuja.

Bamalli ya shiga wannan bas ne zai je sayen tawadar firinta. Alhaji Siddiq, masinja a wata ma'aikata, yana ba fasinjoji labarin cewa an sa wa daraktansu Intanet, har yana aika wasiƙa Landan ba kan sarki.

Bamalli ya yi hamma ya ce, "Intanet? Ai ina da ita a cikin wasana."

Alhaji Siddiq ya juyo gaba ɗaya. "Kai ɗan nan, a nan Suleja?"

"A nan Kurmin Sarki, Baba."

Lura da hammar. Ita ce rabin aikin.

Mataki na 2: Koma ka tarar maganarka ta riga ka isowa

Ka'idar bas ɗin Abuja ita ce, labari yana tafiya da safe a rame, ya dawo da yamma da ƙiba. Kalmar "wasa" ta faɗi a hanya tun wajen Zuba. Kafin Bamalli ya sauka a tasha, mai shayi ya san ya jawo Intanet zuwa makarantar Madam. Masu gyaran babur sun san Suleja ta riga Abuja samu. A Maje an ji cewa yana hira da Turawa fuska da fuska, har ɗaya ya yi masa tayin ƙanwarsa.

Madam Rifkatu tana bakin ƙofa tana jiransa, fuskarta sai haske take yi.

"Malam Bamalli, shi ne sai a bakin mai kifi zan ji? Na riga na gaya wa iyayen yara. Ranar bikin yaye ɗalibai za ka nuna musu." Ta rage murya. "In kuma surutun mota ne, Callistus mai tafireta ya daɗe yana son ajin nan."

Idan ka zo wannan gaɓa, kada ka gyara labarin. Mutumin da ya gyara labarinsa a Suleja, sabon labari kawai ya ƙara.

Mataki na 3: Guji wanda ya sani

A kowace makaranta akwai mutum ɗaya da ya taɓa ganin abin da idonsa. A nan Callistus ne, mai koyar da tafireta, wanda ya zauna Legas ya taɓa Intanet da hannunsa a ofishin yayansa. Yana son ajin kwamfuta, yana son kujerar Bamalli mai juyawa.

"Oga Bamalli, ina wayar tarhon da ka jona?"

"Tawa ba ta waya ba ce."

"To ta mene ne?"

"Sabuwar fita ce."

Ba da amsa gajera, ka kama share madannai da buroshi. Babu mai matsa wa mutumin da ke share madannai.

Mataki na 4: Ƙarar da munanan dabaru tukuna

Bamalli ya fara mai da Intanet gini. Duk garin da ya gina ta sai iliminsa ya ninku. Dabara mai kyau, sai dai bai san siffarta ba, abin da ya zana kuma ya fito rumbun dawa sak.

Ya mai da ita igiyoyi masu haɗa gari da gari. Mardiyya, ɗalibar da ta fi kowa baki a ajin, ta leƙo ta ce, "Malam, shanya mutanen Bida za su yi?"

Ya mai da ita mayaƙi mai riga fara da tabarau. Maharban Keffi suka harbe Intanet a fitowarta ta farko, ko ganuwa ba ta wuce ba.

Kada ka karaya. Masana sun tabbatar cewa mummunar dabara ba ta barin kai sai an zana ta.

Mataki na 5: Ɗauko abin da ka sani, ka sauya masa suna

Tambayi kanka abin da aka ce Intanet tana yi. An ce tana kai labari ko'ina nan take, kowa na iya zuba nasa, babu mai tantancewa. Bamalli ya ajiye buroshi. Ai ya san wannan abu. Ya zauna a cikinsa, kusa da Alhaji Siddiq.

Ya zana bas, da kwandasta rataye a ƙofa, ya ajiye ta a tsakiyar fatake da jakunansu, shekara ɗari kafin mota ta zo ƙasar. Ya rubuta INTANET a gefenta. Ya kafa mata doka biyu. Duk abin da gari ɗaya ya sani, bas za ta kai wa sauran. Duk garin da labari ya ratsa, za a ninka shi sau goma.

Kada ka damu da tarihi. Mutanen da ke cikinsa ba sa zuwa bikin yaye ɗalibai.

Mataki na 6: Kada ka gwada kafin ranar

Gwaji na masu shakka ne. Bamalli bai gwada ba.

Ranar biki aka fito da kwamfutar ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓe teburin da leshi. Iyaye sun cika benci. Alhaji Siddiq ya zo da babbar riga, yana gaya wa na kusa da shi cewa a gabansa aka fara maganar.

Bamalli ya tura maharba uku daga Keffi, ya danna bas. Maje ta sami labarin maharba talatin, ta rufe ƙofa. Bida ta ji ɗari uku, ta kwashe mata da yara. Zazzau ta ji dubu uku, ta aika a nemi sulhu. Iyaye suka miƙe tsaye. Alhaji Siddiq yana cewa, "Ikon Allah, dubi gudu."

Abin da Bamalli ya manta shi ne bas tana komawa. Labari ya dawo Keffi, Keffi ta ji maharba dubu talatin na tafe, ta tsorata da nata mutane, ta sake aikawa. Sifili ya yi ta haihuwar sifili har ya fita gefen allo. Kwamfuta ta yi wani nishi, komai ya daskare, sai 'yar alamar nan ta jira tana juyawa a tsakiya.

Mataki na 7: Idan ta tsaya, kai ma tsaya

Kada ka taɓa komai. Naɗe hannu, ka dubi allon kamar abin da ka shirya ke nan.

Madam Rifkatu ta dubi Bamalli, ta dubi kujera mai juyawa, sannan ta yafuto Callistus.

"Kai ka ga ta gaskiya a Legas. Faɗa mana tsakaninka da Allah, wannan ita ce?"

Callistus ya sunkuya ya ƙura wa alamar ido. Yana son ajin, amma gobe Lahadi, kuma an haɗa shi da Allah. Ya daɗe yana jira ko wani abu zai fito. Babu abin da ya fito. Ya miƙe a hankali.

"Madam, ba zan yi ƙarya ba. Ta Legas ma abin da na gani ke nan."

Aka ɓarke da tafi. Bamalli ya zauna a kujerarsa, ya juya sau ɗaya.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai taɓa ganin Intanet ba, bai kuma ce ka yi koyi da kowa ba. Idan kwamfutarka ta ƙone, ko Madam ɗinka ta fi ta Bamalli bincike, ko Callistus ɗinka ya dace da ranar da Intanet ta buɗe, babu ruwansa, babu ruwan wannan jarida. Masu ƙorafi su kai bas ɗin safe. Zai iso mana kafin magariba, ninki goma.