Jagoran Binciken Sauro Da Bai Taɓa Leƙa Kwata Ba

Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji na gaba. To, akwai wanda ya fi na ciki muni, wato kwaɗayin ganin sunanka a kan aikin da ba kai ka yi ba. Shi zan zane yau.

Abin ya faro ne wata safiya da na buɗe firjin gidana, na ɗauko kwalbar ruwa. Har na kai baki sai Auta ta kurma ihu: "Baba, ajiye! Bincikena ne!" Na ɗaga kwalbar sama, sai ga tsutsotsin sauro suna ta iyo abinsu.

Auta 'yata ce, malama a jami'a. A waje Dakta ake ce mata. Shekara biyu tana bin kwatocin unguwa da dogon takalmin roba, tana son gano dalilin da ya sa maganin feshi ya daina kashe sauro. Firjin ɗakin gwajinsu ya mutu tun bara. Manyanmu, Allah ya ƙara musu hangen nesa, ba su yi barci ba: sun kafa kwamiti, kwamitin ya sayi sabuwar mota don zuwa duba firjin.

Da ta ga haka sai ta nemo wata gidauniya mai ba masu bincike tallafi. Wata uku tana cike takardu: me za ki yi, da me za ki yi, wa zai amfana. Ni tela ne, a aji uku na tsaya, amma na gane karatun. Awo ne kafin yanka. Abu ɗaya ya rage, wasiƙar amincewar jami'a mai hatimi, ga shi saura kwana biyar a rufe karɓa. In ya wuce sai baɗi, tsutsa kuwa ba ta jiran baɗi.

Tana da aji, sai na ce ni zan je in yi zaman jiran Mai Girma Uban Hatimi, babban jami'in da ke buga shi. Ranar farko sakatariyarsa ta ce ya tafi taron koyon hanzarta aiki. Rana ta biyu yana nan, amma makullin durowar hatimi na hannun direba, direba kuma ya kai uwargida kasuwa. Rana ta uku aka ce in shiga.

Bai buɗe fayil ɗin ba. Ya dai ɗaga shi yana jinjinawa kamar mai tayin kaza.

"Aiki ya yi kyau, dattijo. Sai dai yarinya ce, tana bukatar inuwa. A sa sunana a sama, jagoran bincike, sai in buga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san sauro ne?"

"Wa bai san sauro ba? Af, an ce kai tela ne ko? Na ji jagora ake gayyata taro a ƙasar sanyi. Auna ni, kwat uku nake so, masu kauri."

Na auna shi. Mai sana'a ba ya ƙin ciniki.

Da na kai wa Auta labari sai hawaye. "Baba, gumina ne fa! Shekara biyu ina cikin kwata!"

Maƙwabcina Wanzami, wanda ba a gayyatarsa shawara amma ba ya fashi, ya leƙo ta taga. "Tela, ba ni aron almakashinka in je in rage masa gemu!"

Na ce, "Zauna, sarkin gaggawa. Auta, me ake bukata wurin jagora?"

Ta share ido ta ce, "Shafi na tara ya ce shi zai amsa tambayoyin masu gidauniya da bakinsa."

"Ya karanta shafi na tara?"

"Ko na ɗaya bai karanta ba. Amma Baba, in ya kunyata mu suka hana mu gaba ɗaya fa?"

"In kin ƙi, babu hatimi, kin rasa tun yau. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi. Sa sunansa, ranar kuma ki zauna kusa."

Ranar ganawa ta zo daidai da kai ɗinki, don haka da idona na gani. Ya saka kwat ɗaya nan take, wai don su san ya shirya. Aka kunna babban allo, wata mata mai tabarau daga gidauniyar ta bayyana.

"Jagora, kwatoci nawa kuka ɗebo ruwa?"

"Da dama, cikin ikon Allah."

"Wane irin sauro kuka fi samu?"

"Mai cizo."

Auta ta raɗa masa amsa daga baya, ya ɗaga mata hannu wai kada ta katse manya.

"To, macen ce ke cizo ko namijin?"

Ya gyara wuyan kwat ya ce, "Mu a wannan ofis ba ma nuna bambanci."

Matar ta cire tabarau ta goge. Ta ce takardu bakwai suka zo mata daga wannan jami'a, kowacce shi ne jagora: sauro, ginin gada, haihuwar awaki, tarihin waƙa, ciwon haƙori, da wasu biyu da na manta. "Wanne ne fanninka a ciki?"

Mai Girma ya ce ba ya ji sosai, layi na yankewa. Jama'a, tun da aka ƙirƙiro waya ban taɓa jin layi garau irin na ranar ba. Har numfashinsa ana ji.

Sai matar ta ce, "Wace ce ke raɗa a baya? Matso gaba." Auta ta matso. Rabin sa'a tana zuba bayani, kwata arba'in da biyu, kowacce da lambarta da ranar da ta shige ta. Ni da na haife ta sai da na ji tsoron sauro. Bayan mako uku wasiƙa ta zo: an ba da tallafi, da sharaɗin mai takalmin roba ce jagora.

Yanzu ga lissafin abin da kwaɗayi ya jawo wa Mai Girma. An kankare sunansa daga takardu bakwai, an mayar da na masu aikin. An ɗauke hatimi daga durowarsa an ajiye a teburin sakatariya, wadda ke bugawa kafin ka gama sallama. Tafiyar ƙasar sanyi ta bi ruwa. Abin da ya rage masa kwat uku ne, ɗinkina, ba na yarwa ba.

Sabon firjin Auta ya iso, nawa ya dawo hannuna, ko da yake har yau sai na ɗaga kwalba na duba kafin in sha.

Jiya Wanzami ya shigo yana dariya, wai ya ga Mai Girma da tsakar rana cikin kwat, gumi na ɗiga har ƙasa. Na ce a ƙyale bawan Allah. Wannan karon dai gumin nasa ne.